Ranar da Na Yi Gadin Motar Alhaji

Na zauna a garuruwa da dama ina koyar da abin da ban taɓa yi da hannuna ba, amma babu inda na ƙware a wannan sana'a kamar Alƙahira. Wajen ƙarshen shekarun casa'in wata ƙaramar kwalejin unguwa a Hadayek el-Ma'adi ta ba ni shugabancin sashen ilimin ƙwadago. Sashen dai ɗaki ɗaya ne a hawa na biyu, da fanka mai juyawa in ta ga dama, sai ni. Ni ne shugaba, ni ne malami, ni ne mai goge allo. Da ma'aikatan sashen za su tafi yajin aiki, sai dai in zauna in lallashi kaina.

Ɗalibaina direbobi ne da masu girki da masu aikatau a gidajen manya. Ina koya musu tarihin ƙungiyoyin ƙwadago, da haƙƙin hutu, da yadda ake zama da ubangida a nemi abu. Suna saurare da ladabi, irin sauraron da ake yi wa wanda ya dawo daga Hajji yana ba da labarin jirgi.

A cikinsu akwai wani direba, mutumin Damagaram, dattijo mai sanyin magana. Yana tuƙa wani Alhaji ɗan kasuwa daga can gida. In ya sauke 'ya'yan Alhaji wurin darasin yamma, sai ya saci jiki ya shigo ajina, ya fita kafin a tashi. Matarsa da 'yarsa suna zaune a unguwar Faisal, tsallaken kogi, shi kuwa yana kwana a wani ɗan ɗaki ƙarƙashin benen Alhaji. Abu ɗaya yake so a duniya, a bar masa Juma'a ya je gida. Ya ce mini yarinyar ta fara gaishe shi a tsugune, kamar baƙo.

Muka yi ta gwaji a aji. Wata mai girki 'yar Jos, wadda kowa ke kira Mama, ita ke zama Alhaji, ta harɗe a kujerata tana kaɗa ƙafa. Direba ya shigo, ya gaishe ta, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa.

Mama ta ce, "To, mene ne?"

Ya ce, "A'a, ranka ya daɗe, gaisuwa ce kawai."

Na ce, "Malam, Mama ce fa. Ba ta da mota, ba ta da bene."

Ya ce, "Ai ta iya zaman ne, Malam."

Haka muka ƙare zangon karatu yana gaisuwa.

Da bikin ba da takardun shaida ya matso, shugaban kwalejin, wani Bamisire da muke kira Duktur, ya ce lallai a samo babban baƙo mai babbar riga, don hoto. Babbar riga ɗaya na sani a Ma'adi mai son lasifika, ita ce ta Alhajin. Ya amsa tun ban rufe baki ba.

To, a Alƙahira in babu wurin ajiye mota, sai ka jera ta a gefen ta wani, ka cire giya, ka bar birkin hannu a sake. Sayis, wato mai kula da motocin layi, shi zai riƙa tura ta gaba da baya kamar amalanke in wani zai fita. Kowa haka yake yi, har likitoci. Alhaji ya leƙo ya ga sayis yana goge hannu a jallabiya, ya ce wallahi ba mai dafa masa mota. Direba ya zauna a ciki, in an yi hon ya matsa.

Alhaji ya hau ya yi jawabi mai ratsa zuciya. Ya ce ma'aikaci shi ne gishirin miya, ya ce a biya shi kafin guminsa ya bushe. Daga taga muna hango gumin da ake magana, cikin sabuwar shadda da hula, yana matsar da mota ga mai lemo.

Aka fara kiran suna. Na farko Mama ce. Ba ta tashi ba. Duktur ya sake kira, ta gyara ɗankwali. Aka kira na biyu, ya dubi silin. Na lallaɓa na ce, "Mama, lafiya?"

Ta ce, "Lafiya lau, Malam. Ba mu cika ba ne."

"Ku karɓa mana, tasa sai a ajiye masa."

"Kai ka ce mana in an bar ɗaya a waje, kowa a waje yake. Ko na allo ne kawai?"

Shekara da shekaru ina koyar da yajin aiki, na farko da na gani da idona a kaina aka yi shi. Duktur yana ta ba Alhaji haƙuri da Larabci, "ma'alish, ma'alish", Alhaji yana murmushin wanda ƙashin kifi ya tsaya wa a wuya. Ya ce shi ba ya hana kowa hawowa, motar ce dai ba a barinta ita kaɗai. Duk ɗakin suka juyo suka dube ni, har da fankar.

Na sauka. Direba ya ce, "Haba Malam, kai da girmanka?" Na ce ya hau kafin in sake shawara. Ya nuna mini inda hon yake, ya roƙe ni kada in taɓa sauran.

Saboda haka abin da ya faru a sama ban gani ba, Mama ce ta ba ni labari. Alhaji ya miƙa masa takarda, ya riƙe hannunsa don mai hoto, lasifika na gabansu, ya ce, "To, me ka koya?"

Direba ya gaishe shi. Ya tambayi gajiya. Mama ta ce har ta sunkuyar da kai, ta ce shi ke nan, gaisuwa ce kawai. Sai ta ji ya ce, "Ranka ya daɗe, na koyi cewa Juma'a ta iyali ce. In ka amince."

Bayan jawabin gishirin miya, a gaban mai hoto, ina Alhaji zai bi? Ya ce ai dama yana da niyya. Ni kuwa tafin kawai na ji ta taga, daidai lokacin da wani direban ƙaramar bas ke yi mini bayani a kan kakannina, sayis yana tura motar Alhaji da ni a ciki, da hannu bibbiyu.

Alhaji ya daɗe yana ba da labarin a majalisa, yadda shi da kansa ya ga dacewar ma'aikaci ya huta. Ban taɓa gyara masa ba.

Zango na gaba na buɗe aji na biyu, na sa shi ranar Juma'a da yamma don mutane su samu zuwa. Na tare direban a bakin tashar jirgin ƙasa, da ledar lemo a hannu zai tafi Faisal, na ce ban ga sunansa ba.

Ya gaishe ni, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali. Sannan ya ce, "Juma'a ce fa, Malam. Yarinya tana jira."