Farin Abin da Muka Kwaɓa a Murhu

Na yi aiki a ɗakin boila na wani asibitin gwamnati a Birnin Kebbi tun ina da ƙarfin ɗaga ganga. Boila babbar tukunyar ƙarfe ce da ake hura wa wuta da baƙin mai, tururinta ya bi bututu zuwa ɗakin wanki da inda ake dafa kayan tiyata. Bututun duk a naɗe suke da wani farin abu mai kama da auduga da aka kwaɓa da alli. Aikinsa ya riƙe zafi a ciki. Inda ya zube, tururi kan huce a hanya, boila ta ƙara shan mai.

Ni nake facin wurin. In kankare tsohon da wuƙa, ƙurarsa ta cika mini gemu, in kwaɓa sabo a bokiti in shafa da tafin hannu. Tsohon kuwa bola ake kai shi.

Iyalina suna Argungu, can nake zuwa ƙarshen mako. Sana'ar matata turara shinkafa ce a rabin ganga, kuma itace shi ne kukanta kullum. Wata rana ina zaune ina kallon yadda wuta ke tserewa ta gefen murhunta, sai bututun asibiti suka faɗo mini a rai. Da na sake zuwa gida, na zo da buhun tsohon farin abin nan a bayan babur.

Ta buɗe ta leƙa. Ta ce, "Malam, yau kuma tsarabar bola ka kawo muna?"

Na ce, "Wanga abu shi ka riƙe zafi a asibiti. Mu kwaɓa shi da yumɓu mu gina miki murhu."

"To, abin da gwamnati ta yarda da shi, ni wace ce?"

Ba ta yarda a kwaɓa shi da gudaji ba. Mace ce mai tsabtar aiki. Ta zuba shi a turmi ta daka, ta tankaɗe da rariya, ta bakace a faifai kamar yadda take yi wa shinkafa. Ƙurar ta sauka a girarta da gashin idonta. Ta juyo tana dariya ta ce in duba, ga yadda za ta zama in ta tsufa.

Murhun ya yi kyau. Ana iya dafa bayansa da hannu alhali ganga na tafasa. Itacen da ke ƙarewa a yini ya koma kai ta kwana biyu. Duk lokacin da ya tsage, in kawo wani buhun, ita kuma ta daka. Na yi alfahari da murhun nan a majalisa.

Bayan na yi ritaya tari ya kama ta, busasshe, ba majina. In ta ɗebo ruwa sai ta tsaya a tsakar gida ta dafa bango. An gwada tarin fuka, babu. Mata suka ce hayaƙin sana'a ne. Ta rasu da damina. Ɗiyarmu ta gaji gangar da murhun.

Bara na je asibitin nan dubiya, ƙafata ta ja ni bayan ɗakin wanki. Na tarar an rufe ƙofar boila da leda, mutane a ciki sanye da fararen kaya har kai, da takunkumi a fuska. Suna fesa wa bututu ruwa kafin su taɓa. Wata injiniya, 'yar Filato, ta tare ni.

"Baba, ba a shiga nan."

Na ce nan ne wurin aikina a da. Ta sake fuska. Ta ce za su naɗe bututun da sabon abu ne, a rufe da gwangwani, don a rage shan mai. Tsohon kuma asbesta ne, ƙurarsa in ta shiga huhu ba ta fita, sai bayan shekaru take nuna kanta.

"Kana tari, Baba?"

"Ni lahiyata lau."

Sai na ba ta labarin turmin. Na tambaye ta ko shi ne ya kashe matata. Ta ce ita ba likita ba ce, kuma ko likita zai yi wuya ya rantse yanzu. Abin da ta sani, kada in fasa murhun a bushe.

Da na koma Argungu, na iske ɗiyata a durƙushe gaban murhun tana share toka da tsintsiya, fuskarta dab da bakin. Na karɓe tsintsiyar.

"Baba, mi ya faru?"

Na gaya mata. Ta ce, "Murhun Inna ne fa. Shekara nawa nike aiki da shi, ga ni garau." Na ce uwarta ma garau take a shekarunta. Ta tashi ta shiga ɗaki.

Na haƙa rami a gindinsa ni kaɗai. Na yi ta zuba masa ruwa har ya yi laushi, na tura shi ciki da ƙotar fartanya, na mayar da ƙasa, aka zuba siminti a kai. Turmin da rariyar sun daɗe da bin hannun maƙwabta, ban san gidan da suke ba.

Yanzu ɗiyata a kan duwatsu take ɗora ganga, tana mitar itace. Na kai ta an ɗauki hoton ƙirjinta. Likita ya ce bai ga komai ba tukuna, a riƙa dawo da ita. In tana aiki nakan ja tabarma kusa da zaure, inda nake jin numfashinta in ta sauke ganga.