Hannun Ilu a Bangon Lakwal

Saura kwana biyar a karɓi mulkin kai, cikin daminar 1960, muna tsakiyar maimai a gonar hatsi, sai ga saƙon Mushe, malamin makarantarmu ta boko, wai duk ɗan lakwal ya ajiye hauya ya zo. Muka tarar da shi a ƙofar aji, ya naɗe ƙafar wando, gabansa tulin kwaɓaɓɓiyar laka da tukwane uku na farar ƙasa. Ya ce manyan baƙi za su zo daga Damagaram a ɗaga sabuwar tuta, don haka kafin la'asar yana son bangon nan sumul kamar ƙwai. Ya rarraba mu, ni aka ba ni bangon gabas.

Lakwal ɗin ƙauyenmu, can yamma da Tirmini, ɗaki ɗaya ce tal, ginin ƙasa mai rufin azara da taga biyu. Manya a baya, ƙanana a gaba, Mushe ɗaya da bulalarsa ɗaya, ita kuwa ba ta san hutu ba. Mu ke share fili, mu ɗebo ruwan randa, mu kori awakin da suka fi mu son karatu. Kowace bazara kafin ruwa ya sauka mukan yi yaɓen wuraren da suka zube, mu tattake laka da ƙafa muna waƙa, in Mushe ya juya baya kowa ya danna tafinsa a ɗanyen bango. Ya sani sarai, bai taɓa hanawa ba.

Innarmu ta tsani wurin nan. Ranar da dogari ya zo ɗiban yara, cikin rumbu ta ɓoye mu ni da ƙanena Iliyasu, da muke kira Ilu, sai atishawarsa ta tona mu. Ilu bahago ne, ya sha duka a kan riƙe alli, amma bai daddara ba. Da aka yi yaɓen shekararsa ta farko, kowa ya sa dama, shi ya manna hagu yana yi mini gwalo. Bayan sati uku sanƙarau ya ɗauke shi, tsakanin hantsi da azahar ɗin washegari.

Ba mu da hotonsa. Rigarsa an bayar sadaka, kabarinsa damina biyu ta baje. Ni na gaya wa Inna akwai hannunsa a lakwal. Matar da ta rantse ba za ta taka wurin ba, sai ga ta kowace Alhamis da ba a karatu, in ta dawo daga rijiya ta sauke tulu a bakin ƙofa ta shiga. Ba ta san ko baƙi ɗaya ba, amma ba ta taɓa ɓata ba, domin a cikin hannuwa kusan arba'in shi kaɗai ne na hagu. Takan durƙusa ta ɗora tafinta a kai, ta ce, "Ja'iri, ko a nan sai da ka yi gardama."

To wannan bangon aka ba ni. Na cike hannun kowa, na bar na Ilu, ina ta zagaye shi kamar mai shara a gefen wuta. Mushe ya tsaya a bayana ya ce, "Wannan fa, gadonka ne?" Ba mugun mutum ba ne, da na buɗe baki na faɗa, na tabbata da ya bari. Amma na ga bulala a hammatarsa, yara kuma sun zuba mini ido. Na dumbuzi laka na shafe, na bi da farar ƙasa har sau biyu. Shekarata goma sha uku, kuma har yau ina jin kunyar wannan tsoron.

Aka ɗaga tuta, muka yi fareti, baƙin ko leƙa ɗakin ba su yi ba. Washegari Alhamis ce. Na bi Inna daga nesa, na same ta tana shafa farin bango daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ta juyo ta ga farar ƙasar da ta maƙale a faratana. Na ce, "Inna, Mushe ne ya sa." Ta ce, "Ban tambaye ka ba, Lawali." Ta ɗauki tulunta ta tafi, ba ta sake zuwa ba, ba ta kuma sake tayar da maganar ba har ta koma ga Allah.

Yanzu an gina azuzuwa shida na siminti, tsohon ɗakin ya zama ma'ajiyar harawa, rabin rufin ya rufta. Duk shekara sai an ce a rushe shi, ni kuma in hau kujerar na ƙi, samari suna ce mini tsoho mai son tsohon kaya. Na bar su a haka. In na je gida nakan shiga in durƙusa da ƙyar a bangon gabas, in ɗan kankare da farce, sai ƙasa ta zubo. Na san yana ciki, amma na manta daidai wurin.