Rasuwar Malam Sabunta

Ranar Talata, sha huɗu ga watan jiya, da hantsi, ina cikin awon wata mai juna biyu abokiyar aikina ta leƙo ta ce mini ka rasu. Na ce daga Allah muke, gare Shi za mu koma, na ƙarasa awon.

Da yawanmu ba mu san sunanka na yanka ba. Malam Sabunta muke ce maka, domin duk wadda ta shigo ɗakin kwamfutar da kake kula da shi tana kukan shafin makaranta ya ƙi buɗewa, tambayarka ɗaya ce: "Yaushe rabonki da sabunta burauza?" Wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita.

Mu ashirin da uku ne, ungozomomi da ma'aikatan jinya, aka ce sai mun yi kwas ta intanet kafin a tsawaita mana lasisi. Wadda ba ta ci ba, ta ajiye aiki. Shekarata hamsin da ɗaya, haihuwar da na karɓa ba ta ƙirguwa, amma ban taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Makarantar da ke ba da kwas ɗin ta aiko da sharuɗɗa shafi uku, da Turancin da ko likitanmu sai da ya yamutsa fuska. Kai ka mayar da su layi biyar da jan alƙalami, ka manna a bango: burauza ta zama sabuwa, kyamara da makirufo su yi aiki, ƙwaƙwalwar kwamfuta kada ta gaza giga huɗu, a bar ƙananan tagogin shafin su buɗe, kuma ba a jarrabawa da waya.

Ba na manta ranar da na kawo maka tsohuwar kwamfutar ɗana a cikin jakar hannu. Ka kunna ta, muka zauna muna jira har na fara jin kunya. Ka yi murmushi ka ce, "Hajiya, wannan ai ta kusa ritaya. Bar ta nan, ki dawo jibi." Da na dawo tana gudu. Sai a wurin zaman makoki matarka ta gaya mini daga cikin taka ka ciro ƙwaƙwalwar ka sa mini.

Saura mako uku jarrabawa makarantar ta canza sharuɗɗa, ta ce ba ta karɓar tsohuwar manhaja. Cikin kwamfutoci sha biyu na ɗakin, takwas suka daina buɗe shafin. Sau uku ka rubuta wa na sama da kai, ba wanda ya amsa. Sai ka shiga kwance su ɗaya bayan ɗaya kana gyarawa don su ɗauki sabuwar manhajar. Muna ganin ƙafafunka sun kumbura har takalmi ba ya shiga, ka ce zama ne ya yi yawa. Ba mu san wankin ƙoda ake maka sau biyu a mako ba. Ba mu san ka ɗage na ranar Litinin don ka ƙarasa ba. Mu da muke ma'aikatan lafiya, allo muke kallo, ba mu kalle ka ba. Wannan zai daɗe yana cin raina.

Biyar ka gama. A gaban ta shida mai shara ta same ka ranar Talatar, rai ya yi halinsa, sukundireba a hannunka.

Ranar Asabar aka yi jarrabawa. Masu tasu kwamfutar suka zo da ita, sauran suka raba na ɗakin, uku daga cikinmu suka faɗa kan waɗanda ba ka kai ga gama su ba. Shafin ya ce burauzar ba ta dace ba, agogo kuwa yana tafiya. Muka rasa mai taɓawa. Ɗaya cikinsu, mai marayu biyar da shekara sha tara a ɗakin haihuwa, ta naɗe hannu tana kallon allon har lokaci ya cika. Yanzu su ukun suna gida, an ce su jira baɗi. Ni na ci, amma ban iya murna ba.

Malam, ka yi abin da ya fi ƙarfin jikinka saboda mutanen da ba su haɗa komai da kai ba. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya sa ciwon nan ya zama kaffara, Ya yalwata kabarinka. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka, da 'ya'yanka mata biyu, da mahaifiyarka da har yau take tambaya ko ka dawo daga aiki. Allah Ya ba su haƙuri, mu kuma Ya kyautata namu zuwan. Amin.