Ƙwayoyi Huɗu a Gwangwanin Maɓallai

A shekarar 2006 ne asibitin mata na garinmu, a gaɓar tekun Tunisiya, ya fara ba da ƙwayoyi ga wadda take son rabuwa da ƙaramin ciki: ɗaya a haɗiye a gaban ungozoma, huɗu a tafi da su gida a sha bayan kwana biyu. A bazarar wannan shekara Shadliyya, matar Hadi masunci, ta gane cewa tana da juna biyu. Shekarunta arba'in da uku, tana ɗinki a masana'antar wanduna, kuma saura wata uku bikin babbar 'yarta, Naziha.

Munjiyya, yayar mijinta, ita ta fara lura. "Uwar amarya da tulu a gaba?" in ji ta. "Matar ƙanena, so kike dangin ango su tambaya wace ce amaryar?" Hadi ya ce su mata su suka san wannan, ya koma teku. Ranar Talata Munjiyya ta raka ta asibiti, Shadliyya ta ɗauki kofin ruwa ta haɗiye ƙwaya ta farko da hannunta.

Washegari matan gidan suka taru a kan soro suna murza gari suna yin kuskus ɗin da za a ajiye a ci shekara. Tsohuwar mahaifiyar Shadliyya, wadda ba ta san komai ba, tana tankaɗe tana ba da labarin zamanin da. Ta ce ita ma da furfurarta ta haifi auta, aka yi mata dariya wata tara cur, ga shi yau cikin 'ya'ya bakwai autar ce kaɗai ke yanke mata farce. Ta nuna Shadliyya da haɓa. Mata suka yi dariya. Shadliyya ta sauka daga soron, hannunta duk gari, ta nufi asibiti.

Ungozoma ba ta yi mata faɗa ba. Ta ce abin da aka haɗiye ba ya dawowa; idan ta bar sauran, cikin zai iya zama, zai iya fita, kuma in jini ya yi yawa ta zo da gaggawa. Jini ya zo kwana uku, ya tsaya. Ƙwayoyi huɗun ta saka su cikin gwangwanin maɓallanta. Ta yi bikin Naziha da cikinta, ta sha habaicin da ta guda, Munjiyya kuwa ta riƙe abin a matsayin cin fuska.

Aka haifi Rauda lafiyayya, sai dai gwaggonta Munjiyya ta laƙaba mata suna Ragowa, kuma sunan ya bi ta. Idan ta yi tari, a ce ƙwayar ce. Idan ta faɗi lissafi, ƙwayar ce. Yarinyar ta ɗauka zolayar 'yar auta ce kawai, har ranar da ta kai shekara goma sha shida ta mayar wa gwaggonta magana a gaban baƙi. Munjiyya ta ajiye kofin shayi, ta ce wadda aka fara kora tun tana ciki bai kamata ta ɗaga murya ba, ta je ta tambayi uwarta.

Shadliyya ta daɗe da shirya wa wannan rana, kuma ta yi zaton tana da hujja. Ta ɗauko gwangwanin, ta zazzage maɓallai a kan keken ɗinki, ta fito da ƙwayoyin cikin takardarsu da ta yi rawaya.

"Ga su nan, 'yata. Huɗu. Ban sha ba, saboda ke."

Rauda ta dube su, ba ta taɓa ba. "Umma, ni ɗayar nake tambaya. Wa ya tilasta miki?"

Da Shadliyya ta ce Munjiyya ce, da yarinyar ta yarda, domin abin da take so ta ji ke nan. Amma Shadliyya ta tuna kofin ruwan, ta tuna cewa hannunta bai ko yi rawa ba. Ta ce babu kowa.

Yanzu Hadi ya rasu, Munjiyya ta tsufa tana cewa ita gaskiya kawai ta faɗa. Rauda tana karatu a birnin Safakus, tana kwana gidan Naziha idan an yi hutu. Takan zo ranar Sallah, ta sumbaci goshin mahaifiyarta, ta tambayi lafiyar idonta cikin ladabi irin na baƙo, ta tafi kafin la'asar. Shadliyya ta bar masana'anta, tana rage tsawon wanduna a gida. Ƙwayoyin suna nan cikin gwangwanin.