Tasar Masallacin Kan Dutse

Yau shekaruna tamanin da shida, abin da zan faɗa kuwa ya haura shekara hamsin da aukuwa, zamanin da aka datse kogin Kwara a Kainji, ruwa ya shiga cinye tsibiranmu na ƙasar Ngaski.

A bisa dutsen tsibirinmu akwai masallacin da kakanninmu suka gina a zamanin yaƙe-yaƙe. Mafaka ne: wanda duk ya shige shi, ko rai ya kashe, ba a fitar da shi da ƙarfi. Kaurin bangonsa kamu uku, ginshiƙai huɗu ke ɗauke da bakan gizo na azara mai tallafe rufi, a tsakiyar rufin kuma, daga ciki, an kafe tasar tagulla. Gidanmu ke da yaɓensa tun asali, ba a taɓa ɗauko magini daga waje ba.

Da aka tashe mu zuwa sabon gari, mahaifina ya hana a taɓa ginin, ya ce ruwa bai taɓa hawa dutsen nan ba. Ba a jima ba masunta suka zo da labarin ruwan ya kai bakin ƙofar masallacin. Mahaifina ya kira ni ya ce, "Tafi ka ciro tasar. Ba za a ce gidanmu ya bar ta ga kifi ba."

Kawuna ya tuƙa mu a jirginsa, ni da ladaninmu. Na shiga masallacin, ruwa iya gwiwa. Kowane magini ya san halin ginin ƙasa idan ya sha ruwa ta gindi: sama ƙalau, ƙasa kunu. Ladan ya riƙe tsani, na hau, ƙafafun tsanin na nutsewa. Ina fara ɓanɓarar yaɓen gefen tasar, sai azara ta yi ƙara bisa kaina, ƙasa ta zubo mini a fuska. Addu'ar da na sani tun ƙuruciya ta ɓace mini.

Kawu ya ƙwala kira daga waje: "Sauko, ɗan nan! In tagulla ubanka ke so, tana nan jibge a kasuwar Yelwa! Me zan gaya wa Innarka?"

Na sa hannu biyu na fizge tasar, muka fito da gudu cikin ruwa. Ba mu yi nisa da jirgi ba ginshiƙin gabas ya durƙusa, rufin ya bi shi.

Da muka koma gida, mahaifina ya karɓi tasar. Kawuna da ladan su ne shaiduna, Allah Ya jiƙansu.