Laƙuban da Na Bari a Konni

Shekara uku na yi a buron da ke kula da lakwal-lakwal, wato makarantun boko, a Birnin Konni. Aikina in tattara sunayen ɗaliban da za su zauna jarrabawa, in aika Tahoua. Na rubuta wa kwamfutar buron jerin umarni, da na kira shi sai ta yi aikin da kanta. Ni kuwa mutum ne mai ƙyuyar rubutu, don haka duk wani dogon umarni sai na laƙa masa laƙabi: wannan kw, wancan hd, wani zz. Fassarar laƙuban tana cikin wani ɗan fayil nawa ni kaɗai. Gaskiya ina jin daɗin yadda ake tsayawa bayana ana kallo kamar boka yana duba.

Da aka mayar da ni Illela, aka goge kayana daga kwamfutar, fayil ɗin ya bi su, jerin kaɗai aka bari. Aka ba wata malama kujerata.

Ran wata Talata ta kira ni. Jerin ya ƙi aiki, sunaye ba su tafi ba, shugaban buro kuma ya ce abin da ya shekara uku lafiya lau ba zai lalace ba sai a hannun wadda ba ta iya ba. Har ya fara zancen sauya ta.

Washegari na shiga mota na zo. Na tarar ta buga jerin a takarda, ta zagaye kowane laƙabi da jan biro. Ba ta yi mini ƙorafi ba, ruwa ma ta kawo mini. Muka bi layi-layi, ina tunowa tana rubuta cikakken umarnin. Da muka iso kan zz sai ta ɗora biro a kansa.

"Malam, wanga fa mi yaka yi?"

"Wallahi Malama, ban sani ba."

Kunya ta rufe ni. Sai da muka gwada abu uku kafin muka gane tsofaffin sunaye yake sharewa. Jerin ya ninka tsawonsa, amma kowa zai iya karanta shi. Kafin la'asar sunaye suka tafi.

Na shiga wurin shugaban na ce laifina ne, ya ce to, ya bar ta a kujerarta. Da ta rako ni bakin ƙofa na ba ta haƙuri.

"Ba komi, Malam," in ji ta. "Kwana shidda dai na yi ina tsammanin karatun da niy yi duka banza na."