Datti Mai Gyaran Fiyano

A Unguwar Shanu da aikin kafinta aka san Malam Datti, mai haɗa kujeru da gyaran gado. Kaɗan ne suka san cewa a duk Kaduna da wuya a sami na biyunsa wajen gyaran fiyano. Tun yana saurayi ya koya wurin wani tsoho ɗan Gana mai kula da kayan kiɗan makarantu.

Bara wata ƙungiya ta shirya babban taron kiɗa a wani zaure a Unguwar Rimi. Makaɗa arba'in za su zo daga Legas, masu goge irin na Turawa da masu busa, ga kuma wata shahararriyar mai kaɗa fiyano daga ƙasar waje. Sai dai fiyanon zauren ya shekara tara a rufe, ɓeraye sun yi gida a ciki, wayoyinsa duk sun yi tsatsa. Hamisu, sakataren ƙungiyar, ya zo har shago yana cewa, "Baba, ka rufa mana asiri."

Kwana shida Datti ya yi a durƙushe, yana ɗaure waya yana kasa kunne, har gwiwoyinsa suka kumbura.

Ranar taron, bayan la'asar, ya sa farar shaddarsa, ya tafi da 'yarsa Rashida, wadda ba ta taɓa jin an kaɗa abin da ubanta ke gyarawa ba. Maigadi ya tare su, wai sai da katin gayyata. Aka kira Hamisu, ya fito yana duba agogo.

"Baba, kujerun na manyan baƙi ne. Ka yi haƙuri."

"Hamisu, ni ne fa."

Hamisu ya koma ciki, ko waiwayowa bai yi ba. Suna tsaye a wurin sai ga muryar shugaban ƙungiyar ta lasifika, yana shaida wa jama'a cewa takanas suka ɗauko ƙwararre daga Turai ya gyara fiyanon. Zaure ya ɗauki tafi.

Datti ya juya wajen 'yarsa. "Rashida, kin ji? Yaushe Unguwar Shanu ta koma Turai?"

Ta kama hannunsa. "Baba, mu tafi gida. Wannan wulaƙanci ne."

"Babu inda zan je sai na ji aikina."

Suka zagaya bayan zauren, suka tsaya jikin taga kusa da janareta, hayaƙi na shiga musu hanci. Da mai kaɗa fiyanon ta sa hannu, makaɗa suka bi ta, Datti ya rufe ido. Awa biyu bai zauna ba.

Bai sake taka zauren ba, ko da 'yan ƙungiyar suka aiko sau biyu. Makarantu kuwa har yau in sun kira yana zuwa. Duk sanda ya ba da labarin sai muryarsa ta tashi, ya ce ana tsakiyar kiɗan ya ji waya ɗaya ta ɗan saki, ta hannun hagu. Minti biyu sun ishe shi ya ɗaure ta lokacin hutu, amma babu wanda ya bar shi ya shiga.